Ko Ya Kamata A Koya Wa Yaro Ba Da Sanin Ubansa Ba?

Ya ɗan'uwana wanda ka shigo cikin bangaskiya ba da daɗewa ba, da kai kuma wanda ka ke tsaye a bakin ƙofa tukuna kana bincike, ina so in yi shawara da ku a kan wani al'amari wanda ya kan taso mana kowace shekara, sa'anda makarantun boko suka rufe domin dogon hutu.

Kun sani daga ƙarshen watan Yuli har cikin Satumba yara suna gida. Lokacin kuwa tsakiyar damina ne, gero ya fid da kai amma bai nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, manya suna gona, ƙanana suna yawo cikin unguwa ba mai-lura da su. Domin wannan mu kan keɓe mako guda cikin Agusta, mu tara yara a majami'a tun da hantsi, mu koya masu labarun Littafi Mai-Tsarki da waƙa da addu'a, mu sallame su kafin azahar. Ba mu ne muka ƙago aikin ba. A shekara ta 1780 wani mutumin Ingila, Robert Raikes, ya fara tara 'ya'yan matalauta ran Lahadi a garin Gloucester yana sa a koya masu karatu. A 1898 kuma wata mace mai-bi, Virginia Hawes, ta yi hayar ɗakin shan giya a birnin New York na Amurka, ta mai da shi wurin koya wa yaran unguwa maganar Allah cikin hutunsu. Mu kuwa tun 1932 muna da Littafi Mai-Tsarki dukansa cikin harshen Hausa, har yaron Gusau ko na Bungudu ya iya jin labarin Yusufu da 'yan'uwansa da bakin da uwarsa ta ke yi masa magana.

Aikin mai-kyau ne, ba ni da shakka. Amma inda yara suka taru ana waƙa, wasu yara za su biyo, cikinsu kuwa har da waɗanda iyayensu ba masu-bi ba ne, ba su kuwa san inda 'ya'yansu suka nufa ba. Sabon mai-bi, da shi ke zuciyarsa tana ƙuna domin Ubangiji, ya kan ce, a bar su su shigo, kada a tambaye su kome. Ni ma haka na ce a dā, har ranar da Allah ya kunyata ni.

A daminar 2022 ina aikin katikis a ƙasar Tsafe. Muka buɗe makarantar hutu ran Litinin da 'ya'yan masu-bi. Ran Laraba na hangi wani yaro ɗan shekara takwas a bakin taga, ya biyo abokin wasansa. Na san gidansu, na kuwa san addinin ubansa. Na yi murna, na ce a raina Ubangiji ne ya kawo shi, na ba shi wuri a kan benci, na ba shi biskit kamar sauran. Ban tambaye shi ko an san fitowarsa ba. Gaskiyar magana, ban so in tambaya ba, gama na riga na san amsar da zan ji.

Darasin ranar kuwa labarin yarinyar nan ce ta Isra'ila wadda maharan Suriya suka kamo, ta zama baiwar matar Na'aman, kamar yadda ya ke cikin littafi na biyu na Sarakuna, sura 5. Ban sha wahalar bayyana masu ko mene ne mahari ba. Yaran Zamfara sun sani. Ba su manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, sa'anda 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, waɗansunsu kuma sun gudo daga ƙauyukansu da ƙafafunsu. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, nawa aka ce iyayenta su biya?" Wani ya ce, "Malam, uwarta ta san inda ta ke?" Ina cikin neman abin da zan amsa, sai muka ji sallama a ƙofa. Uban yaron nan ne, laka har gwiwa, fartanya a kafaɗa. Matarsa ta aika masa gona cewa ba a ga yaro ba tun safe. Ya duba rafi, ya bi hanyar daji yana kira, maƙwabta har sun fara taruwa a ƙofar gidansa. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya kama hannun ɗansa, ya dube ni, ya ce, "Malam, da ɗanka ne fa?" Ya juya ya tafi.

Ina da 'ya'ya biyu. Na tsaya a gaban yara ina koya masu tausayin uwar da aka raba da 'yarta shekaru dubbai da suka wuce, ga shi kuwa ni da kaina na sa wata uwa kuka a bayan dangar majami'armu.

Da maraice wani ɗan'uwa ya zo ya ƙarfafa ni, ya ce kada in damu, ai Ubangiji Yesu da kansa ya tsauta wa almajiransa sa'anda suka hana yara zuwa wurinsa. Wannan ita ce hujjar da a kan kawo kullum, domin haka sai mu buɗe Bishara ta hannun Markus, sura 10, mu duba da kyau. Yaran nan ba su sato jiki suka zo ba. Kawo su aka yi, domin ya ɗora masu hannu, almajirai kuwa masu-kawowa suka kwaɓa. Wa ke ɗaukar ƙaramin yaro ya kai shi wurin malami domin albarka, in ba nasa ba? Abin da ya ɓata wa Ubangiji rai ke nan, an tare hanya ga mutanen da suka zo da 'ya'yansu da hannunsu. Ban ga wurin da ya aiki Bitrus ya zaga bayan gida ya yaudaro ɗan wani ba. Sama'ila ma, Hannatu uwarsa ce ta kai shi wurin Eli a Shilo. Shi Ubangiji kuma, yana ɗan shekara 12, da Maryamu da Yusufu suka same shi cikin haikali bayan kwana uku suna nema da baƙin ciki, ko da shi ke ya gaya masu cewa a gidan Ubansa ya ke, duk da haka ya tashi ya bi su Nazarat, yana yi masu biyayya. Idan Ɗan Allah ya koma gida tare da waɗanda aka ba su riƙonsa, wane ne katikis da za ya riƙe ɗan wani?

Mu Hausawa ba mu bukatar a zo daga nesa a koya mana wannan. Yaro amana ne a hannun ubansa. Wanda ya ke so ɗansa ya yi karatun allo, shi da kansa ya kan kai shi wurin malam ya danƙa masa. Mai-son ɗansa ya koyi ƙira ko ɗinki ya kan je ya gai da maƙeri ko maɗinki, su yi magana baki da baki. Baƙo kuma ba ya wuce zaure sai maigida ya ce bismilla. Mutumin da aka gani yana tsallake danga, ko da tuwo ya ke ɗauke da shi za ya kai wa mayunwata, sunansa ɓarawo. Ubangijinmu ya yi misali da wannan cikin Yohanna sura 10, inda ya bambanta makiyayi da ɓarawo ta wurin hanyar shigarsu garke. A gaban babban firist kuma ya shaida cewa koyarwarsa duka a sarari ya yi ta, inda jama'a ke taruwa. Bishara gaskiya ce, ba ta kuwa bukatar a ɗauke ta cikin buhun ƙarya. Yaron da na koya wa labarin Na'aman ran nan, na koya masa wani abu kuma ba da baki ba, watau ya halatta a ɓoye wa uba abu idan malami ya yarda. Doka ta biyar kuwa, wadda mu ke sa yara su haddace ran Jumma'a, girmama uba da uwa ta ke umurta, ba ta ce sai uban da ya ke mai-bi ba.

Ka auna da kanka, ya mai-karatu. Da a ce maƙwabcinka ya kira 'yarka cikin zaurensa kowace safiya, yana ba ta alewa, yana koya mata addininsa, ya kuma ce mata kada ta gaya maka, me za ka kira shi? Mu masu-bi a ƙasar nan mun san zafin wannan, mun kuwa yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba. Abin da mu ke ƙi a yi mana, ba shi zama halal domin mu ne muka yi. Har dokar ƙasa ta san haka, gama tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashi na 38, ya hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Abin kunya ne a ce Kaisar ya fi ikilisiya sanin hakkin uba.

Yanzu ga magana mai-wuya, ba ni kuwa so in tsallake ta. Wani za ya ce, idan ka nemi izini uban ya ƙi, ashe ka rufe wa yaron ƙofar rai ke nan? Ashe manzanni ba su ce biyayya ga Allah ta fi biyayya ga mutane ba? Sun ce. Amma a gaban majalisa suka faɗa, ido da ido, a kan shaidar bakinsu, suka kuwa sha bulala dominta a jikinsu. Ni da na ɓoye yaro a kan benci, wa za ya sha bulalar? Yaron ne, ɗan shekara takwas, shi kaɗai, da dare, ni kuwa ina kwance a ɗakina ina lissafin yawan waɗanda suka zo. Wannan ba ɗaukar gicciye ba ne, ɗora wa ƙaramin yaro ne gicciyen da ni ban taɓa da yatsa ba. Baligi wanda ya zo da ƙafarsa yana tambaya, wannan dabam ne, ransa a hannunsa ya ke, ba kuwa za mu kore shi ba ko wa ya yi fushi. Amma yaro yana ƙarƙashin wani tukuna, Allah ne kuwa ya sa shi can. Ba na ce zuciyata ba ta yin nauyi sa'anda uba ya ce a'a. Tana yi ƙwarai. Sai dai na lura cewa cikin tsoron nan nawa akwai girman kai a ɓoye, kamar ceton yaron ya rataya ga mako guda na Agusta da bakin katikis guda. Wanda ya san yaron tun yana ciki yana da shekaru a hannunsa waɗanda ni ba ni da su.

Ga abin da mu ke yi yanzu. Mako guda kafin a buɗe, mu kan bi gida gida mu yi sallama a zaure, mu gaya wa maigida ranaku da sa'o'i da abin da za a koyar. Mu kan faɗi sunan abin sosai. Kada ka ce lesin ne na hutu, ko wasan yara, alhali kuwa ka san labarin Yesu Kristi za ka koyar, gama rabin gaskiya da aka faɗa domin a ruɗe mutum ƙarya ce cikakkiya. Wani ɗan'uwa mai-wannan aiki a wajen Bungudu ya kan ce wa maigida ya zo da kansa ya zauna a baya ya ji, ya ce kuma waɗansu sun zo. Yaron da ya biyo abokai ba da izini ba, kada a kore shi da tsawa kamar akuya. A ba shi ruwa, babba guda ya kama hannunsa ya raka shi gida, ya gai da mutanen gidan. A Gusau kuwa, inda 'yan gudun hijira suka yi yawa, sau da dama ba uban, sai uwa ko kaka ko kawu. Wanda yaron ke kwana a hannunsa, shi za a tambaya. Maraici ba ya mai da yaro kayan tsintuwa.

Batun abinci kuma, a taƙaice. Agusta watan yunwa ne, yaro mai-jin yunwa kuwa za ya haddace kowace aya domin kofin koko. Idan ikilisiya tana da abin bayarwa, ta ba kowane yaro na unguwa, wanda ya shiga aji da wanda bai shiga ba, kada a sa karatu ya zama kuɗin kokon.

Washegarin ranar nan na tafi gidan mutumin. Na yi sallama, ya fito ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na ce, "Baba, na zo neman gafara, na yi maka laifi." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ya wuce, Malam. Allah shi yafe mu duka." Na ce, "To, Baba, yanzu ina roƙo ta ƙofa, ko za ka bar shi ya zo sauran kwana biyun?" Ya ce, "A'a, ɗana. Kowa da nasa." Ya sa aka kawo mini fura. Shekara biyu bayan wannan, kafin a mai da ni Gusau, kowane Agusta na kan koma zauren nan in sake roƙo, shi kuwa ya kan sa a kawo fura, ya tambayi lafiyar iyalina, ya ce a'a. Yaron ne ke kawo ƙwaryar, ya durƙusa ya ajiye, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam."