Zumunci a Ƙafa Yake: Darasi Daga Hanyar Damargu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da Alayensa da Sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, kowa ya san yadda farin 1973 da na 1984 suka tarwatsa gidaje a ƙasar Damargu, ƙasar da aka sani da noman hatsi da kiwo. Waɗansu suka yi Damagaram, waɗansu Agadas, waɗansu Kano. Amma nisan da yunwa ta jawo bai kai wanda rigimar gado ke jawowa ba. Mu kanmu mun auka cikin wannan. Shekara bakwai ba mu gaisa da baffanmu ba, saboda iyakar gona.

Ranar da rasuwar gwaggonmu ta riske mu, muka taso daga Damagaram, muka bi hanyar Agadas ta Bakin Birji, tafiyar kusan kilomita 150 zuwa Tanut. A tasha muka shiga motar da za ta kai mu wani ƙauye a wajen Balbeji, sai ga baffa zaune a cikinta. Kowa ya kawar da kai.

Da la'asar sakaliya motar ta kafe cikin rairayi. Muka sauka, muna haƙa da hannu, muna saro ƙirare muna cusawa ƙarƙashin taya. Tsoho ya kafa kafaɗarsa kusa da tamu muna turawa, ba wanda ya ce uffan. Magariba ta yi, ruwan da ya rage na sha ne, sai muka yi taimama, aka gabatar da shi ya ba mu salla. Muka tsaya bayan mutumin da muka ƙaurace wa, muna cewa amin ga fatiharsa. Nan jikinmu ya yi sanyi.

Cikin dare, sanyin hunturu ya sauko. Aka hura wuta, aka ɗora shayi. Ya lura ba mu zo da bargo ba, ya miƙo nasa, ya ce: "Ɗana, rufa. Mahaifinka ma ba ya jure sanyi." Muka durƙusa muka ce: "Baffa, a gafarta mana." Ya ce ya daɗe da yafewa, kunyar fara magana ce ta hana shi. Kafin asuba ya nuna mana taurarin da ayari ke bi, ya ba mu labarin rijiyar da shi da mahaifinmu suka shayar da raƙuma suna samari. Maganar gona kuwa, muka yarda a kai ta gaban malamai, a raba bisa shari'a.

Ya ku bayin Allah, abin kunya ne a ce sai mutuwa da lalacewar mota suka haɗa mu. Ayar farko ta Suratun Nisa'i ta haɗa tsoron Allah da kiyaye zumunci, kuma aya ta 22 da ta 23 ta Suratu Muhammad sun ambaci la'ana a kan masu yanke shi. A hadisan da Buhari ya ruwaito, an haramta ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, an fifita wanda ya fara sallama, an kuma bayyana cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda ke neman wanda ya yanke masa. Ku tuna Sayyidina Abubakar (R.A.): ya rantse ba zai ƙara ciyar da danginsa Misɗahu ba, saboda ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (R.A.). Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi. To, ina iyakar gona, ina mutuncin ɗiya?

Wayar salula ta sauƙaƙa gaisuwa, amma ba ta maye gurbin tattaki ba. Saboda haka, duk wanda ke da ɗan'uwa a Gangara, ko Olelewa, ko Tarka, wanda suka daina magana, kada ya jira ranar ta'aziyya. Ya nemi kuɗin mota, ya riƙi goro da sukari, ya je ya yi sallama. In an karɓe shi, madalla. In an juya masa baya, ladansa na wurin Allah, sai ya sake komawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kawunanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.