Kada ka rubuta abin da ma'auninka bai gani ba

Ɗana, ga ka a ɗakin gwaji, ka ɗaura ɗan ƙarfe a bakin zare yana lilo, agogo a hannunka, kana neman ƙarfin jan ƙasa. Littafi ya ce 9.8, kai kuma lissafinka ya ba da 9.7. Na san abin da zuciya ke raya maka: ka ɗan taɓa lambobin su zo daidai. Kul! Kada ka kuskura.

Kowane awo yana tafe da shakkunsa. Zanen rularka mafi ƙanƙanta milimita ɗaya ne, saboda haka in ka ce zaren santimita 80 ne, mai yiwuwa ka ɗara ko ka gaza da rabin milimita. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana yatsanka: kafin ya danna agogo bayan ido ya gani, wajen daƙiƙa 0.2 ta wuce. Zuwa da dawowar ƙarfen nan sau ɗaya daƙiƙa 1.8 ce kawai, ka ga jinkirin ya cinye fiye da kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa malaminka ya nace ka ƙirga lilo ashirin sannan ka raba. Shakkun sai ya sauko wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Amma da yake ana ninka lokacin da kansa a lissafin, shakkun ma ninkuwa yake yi, ya koma wajen kashi ɗaya. To, rubuta 9.7 ± 0.1, kanka a tsaye. Dogayen lambobin da kalkuleta ya zubo maka kuwa, bar masa abinsa, agogonka bai gan su ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da maimaitawa ba ta gyara shi. Rular da bakinta ya cinye, ko sau ɗari ka auna, ƙarya ɗaya za ta yi ta gaya maka. Manya ma ba su tsira ba. A 2011 masanan gwajin OPERA a Italiya sun ga kamar ƙwayoyin nutrino da aka harbo daga cibiyar bincike ta CERN, tafiyar wajen kilomita 730, sun riga haske isowa da nanodaƙiƙa 60. Ba su ɓoye ba, suka roƙi duniya ta bincika aikinsu. A 2012 aka gano wata waya ce ba ta ɗauru da kyau ba.

Gobe, kafin ka saki ƙarfen, fara duba bakin rularka.