Abokan Dawuda a Mahanayim

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kasawar Sarki Dawuda wajen horon 'ya'yansa ba. Sa'ad da Amnon ya ɓata Tamar, ƙanwarsa da suke uba ɗaya, 2 Sama'ila 13:21 ta nuna sarki ya husata ƙwarai, amma ba a ambaci hukuncin da ya yanke ba. Wanda ya kā da Goliyat ya kasa tsawata wa ɗan farinsa. Mai yiwuwa zunubinsa da matar Uriya ne ya ɗaure masa harshe, gama uban da lamirinsa ke tuhumarsa yakan ga ba shi da bakin yin faɗa.

Absalom ya haɗiye fushinsa shekara 2 kafin ya sa a kashe Amnon. Ya gudu Geshur ya yi shekara 3, ya komo Urushalima ya ƙara 2 bai ga fuskar mahaifinsa ba. Dawuda bai hukunta shi ba, bai kuma rungume shi da wuri ba. Irin wannan shiru ba horo ba ne, ko da yake iyaye da yawa suna ɗaukarsa haka. Ƙarshensa ɗan ya tayar wa uban.

Ranar gudu, Dawuda ya hau Dutsen Zaitun yana kuka, ba takalmi, kansa a lulluɓe. Da Shimai ya bi shi da zagi da jifa, ya hana a taɓa shi, kamar wanda ya yarda abin ya dace da shi.

A Mahanayim mutum 3 suka tarye shi: Shobi Ba'ammone, da Makir na Lodebar, da Barzillai mutumin Gileyad, tsoho mai shekara 80. Sun kawo shimfiɗu da daruna da tukwane, alkama da sha'ir da gari, wake da zuma da tumaki da cuku. Nassi ya tsaya ya lasafta kayan nan ɗaya ɗaya (2 Sama'ila 17:27-29), amma bai rubuta wata kalmar zargi daga bakinsu ba. Ba su jahilci abin da ya faru a gidan sarki ba. Sun dai ga mutane da yunwa da gajiya da ƙishi. Faɗar gaskiya tana da lokacinta, kuma annabi Natan ya riga ya faɗe ta gaba da gaba.

A ikkilisiya akwai iyaye da ke zama a bencin baya saboda ɗa ya shiga shaye-shaye, ko 'ya ta yi cikin da ba aure. Wasu sun daina zuwa sujada ɗungum. Abin takaici, labarinsu yakan zaga zumuntar mata da ta maza da sunan roƙon addu'a, alhali ba wanda ya taka ƙofarsu da ƙwaryar abinci. Galatiyawa 6:1-2 ta haɗa maido da mai laifi cikin tawali'u da ɗaukar nawayar juna, kuma iyayen nan sun riga sun san laifinsu fiye da kowa.

Bayan yaƙi Dawuda ya gayyaci Barzillai zuwa Urushalima, tsohon ya ƙi, ya koma garinsu. Amma da sarki ya kusa mutuwa, cikin wasiyyarsa ga Sulemanu ya umarta 'ya'yan Barzillai su riƙa ci a teburinsa (1 Sarakuna 2:7).