Haƙƙin Kango

A jihar Pensilbaniya ta Amurka, kusa da garin Spring City, akwai wasu gine-ginen jan bulo da ciyayi suka lulluɓe, ana kiransu Pennhurst. An buɗe wurin a 1908 da sunan asibiti da makaranta, domin killace masu raunin ƙwaƙwalwa da masu farfaɗiya, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙanana aka kai su. An rufe shi a 1987. Tun daga nan matasa masu sha'awar kutsawa kangwaye suka riƙa haura shinge da kyamara, suna ɗaukar hoton gadajen ƙarfe da kekunan guragu da tsatsa ta cinye. Tambayar da nake son warwarewa ita ce: shin mai rai yana da hurumin shiga ya kalli wurin da wasu suka sha azaba?

Hujjar masu kutse tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. An gina Pennhurst nesa da idon jama'a, a zamanin da ake ganin irin waɗannan mutane barazana ne ga tsatson al'umma. Ɓoyewar ita ta ba zalunci wurin zama. Kyamara ce ta fasa ƙwai a 1968, lokacin da ɗan jarida Bill Baldini ya nuna wa masu kallon talabijin yara tsirara, wasu a ɗaure jikin gado. A 1974 aka shigar da ƙara da sunan Terri Lee Halderman, wadda aka kai wurin tana 'yar shekara 12, ta rasa haƙora, ta karye a muƙamuƙi, har 'yan kalmomin da take furtawa suka ɓace. A 1977 Mai Shari'a Raymond Broderick ya yanke hukuncin cewa an tauye haƙƙin mazauna wurin. Saboda haka wanda ya ce a toshe ƙofa, kowa ya kau da kai, yana maimaita abin da ya haifi Pennhurst ne tun asali.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Baldini ya shiga lokacin da yaran ke numfashi, hotonsa kuma ya zama sanadin ceto. Mai kutsen yau ya tarar da bango kawai. Idan abin da ya kai shi shi ne kyan fenti mai ɓarewa da faɗuwar gaba a cikin duhu, to ya ɗauki wahalar wani ya yi ado da ita. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a 2010, sa'ad da aka mayar da wani sashe na Pennhurst gidan tsoratarwa na bikin Halloween, ana sayen tikiti a shiga a yi ihu, duk da adawar masu kare haƙƙin naƙasassu. A nan aka juya tarihi a baibai. Yaron da ya kwana yana tsoron takun mai gadi, yau inuwarsa ake sayarwa a matsayin dodo.

Ni a ganina, shingen da ya fi muhimmanci yana tsakanin kallo da shaida. Mai kallo yana fita da abin da wurin ya sa shi ji. Mai shaida yana fita da abin da ya faru da wani, da nauyin faɗarsa daidai. Ma'aunin mai sauƙi ne: in da Roland Johnson, wanda ya yi shekara 13 a Pennhurst kafin ya zama mai fafutukar kare 'yan uwansa, zai ga hoton, zai gane kansa a matsayin mutum, ko kuwa kayan nishaɗi?

Kango ba ya jin ciwo, amma akwai waɗanda suka fito daga cikinsa da ransu, akwai kuma danginsu. Su ne masu haƙƙin. Duk mai son shiga irin wannan wuri, ya nemi izini, ya fara karanta shari'ar da labaran mazaunan, ya bar kowane abu inda ya same shi. In ya wallafa hoton gado, ya faɗi irin yaron da aka ɗaure a kai, da shekarun da al'umma ta yi tana biyan harajin gudanar da wurin ba tare da ta leƙa ba.