YAWON SHAN ISKA A SARARIN SAMANIYA: TAFAKKURI KO ALMUBAZZARANCI?

A 'yan shekarun nan wasu kamfanoni na Amurka da Turai sun fito da wata sabuwar sana'a, wato kai masu kuɗi yawon buɗe ido can sama a cikin wani ɗaki da aka rataya wa ƙaton balan-balan. Kamfanin Space Perspective na jihar Fulorida ya yanka wa kujera guda dala 125,000. Tsarin da ya yi shi ne a ɗura wa balan-balan ɗin iskar haidirojin, ya ɗaga fasinja 8 da matuƙi sannu a hankali har kilomita 30, a ci a sha, a leƙa ta taga a ga gantsarewar ƙasa da duhun sama, a sauko a kan teku bayan awa 6. Kamfanin ya ce mutum fiye da 1,800 sun kama gurbi. Ya yi gwaji ba kowa a ciki a watan Satumba na ​2024, amma a farkon 2025 kuɗi suka yanke masa, aiki ya tsaya bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Mutumin Getso ko na Kabo da ya ji wannan labari a rediyo yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwa, domin tambayar da ke ciki ta shafi kowane mai hali, babba da ƙarami: shin wanda ya tara dukiyarsa ta halal yana da ikon kashe ta yadda ransa ya so?

Da farko dai, hawa sama ba laifi ba ne, kuma ƙasar Kano ba baƙuwarsa ba ce. Tun watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar. Daga baya jirgi ya mayar da tafiyar Hajji ta 'yan awoyi, alhali kakanni sukan shekara da shekaru a ƙasa ta Cadi da Sudan, wasunsu ma ba su dawo ba. Tashar da Amurkawa suka kafa a Kano tana cikin waɗanda suka bi sawun kumbon John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau 3 a 1962. A 1985 kuma Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya shiga kumbon Discovery, ya zama Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. Duk waɗannan tafiye-tafiye ne na bukata ko na neman sani, kuma amfaninsu ya kai ga wanda bai taɓa barin garinsu ba.

Masu goyon bayan yawon balan-balan suna da hujjoji biyu. Ta farko, sun ce wanda ya hango duniya daga nesa yakan ga ƙanƙantarsa, zuciyarsa ta yi laushi. Ba shakka Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratu Ali Imrana, ya yabi masu hankali da ke tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Sai dai tunanin nan ba a taɓa ɗora shi a kan kuɗin kujera ba. Manomin Getso da ya kwanta a tabarma da daren bazara yana duban Kaza da 'Ya'yanta, ko ya fito sallar Asuba ya tarar da Gamzaki ya ɓullo, ya riga ya sami abin lura kyauta. Kilomita 30 ɗin ma ba su kai nisan Gwarzo zuwa birnin Kano ba, kuma masana da yawa suna sa iyakar sararin samaniya a kilomita 100. Zuciyar da ba ta girgiza da ganin taurari daga doron ƙasa ba, da wuya tagar gilashi ta girgiza ta.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Sun ce mutum ya nemi kuɗinsa da guminsa, ya fitar da zakka, don me za a hana shi more abinsa? Gaskiya ne Musulunci bai haramta jin daɗi na halal ba, malamai kuma sun bayyana cewa israfi yana bambanta gwargwadon halin mutum: abin da ya zama ɓarna ga ɗan tireda ba lalle ya zama ɓarna ga attajiri ba. Saboda haka bai kamata a yi gaggawar cewa wannan yawo haramun ne a kan kowa ba. Amma zama halal bai ɗauke hisabi ba. Ya zo a hadisi cewa ranar Ƙiyama za a yi wa bawa tambaya biyu a kan dukiyarsa, ta ina ya samo ta, kuma a ina ya kashe ta. Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah na ƙwarai da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Kuma malaman fiƙihu sun tabbatar cewa ceton wanda yunwa ko ciwo ke neman halakawa wajibi ne a kan masu hali, ko da sun riga sun ba da zakka.

A nan lissafi yana taimakawa. A canjin 2025 dala 125,000 ta haura naira miliyan 150, wato kimanin kujerar Hajji 20 a farashin waccan shekara. Mai karatu ya ƙiyasta buhun gero nawa ke nan a kasuwar Gwarzo a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Awa 6 kawai za a yi a sama. Rijiyar burtsatse guda kuwa za a shekara goma ana shan ruwanta, ladan yana bin mai ita har kabari.

Kada kuma talaka ya ɗauka zancen na masu dala ne kaɗai. Wanda ya ci bashi ya yi biki na kece raini, ko ya jera akwatunan lefe don a faɗa, ko ya maimaita Umra kowace shekara alhali ɗan ɗan'uwansa yana zaune gida don rashin kuɗin makaranta, duk ciwo ɗaya ke damunsu da mai kujerar balan-balan, wato son a gani a yaba. Suratul Ƙasas ta ba da labarin Ƙaruna, wanda ya fito wa mutanensa cikin adonsa har masu son duniya suka yi sha'awar irin rabonsa, ƙarshe ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

Don haka kafin mai dukiya ya zura hannu aljihu, ya kamata ya tambayi kansa abu uku. Mene ne nufinsa, neman sani da godiya ko kuwa alfahari? Wa zai amfana bayan shi? Akwai wani hakki da ke wuyansa, na iyali ko dangi ko maƙwabci, wanda bai sauke ba? In ya amsa su da gaskiya, zuciyarsa ta natsu, babu mai tuhumarsa. In kuwa ya tarar akwai mai kwana da yunwa a bayan katangarsa, to, can ya kamata kuɗin su fara zuwa.

Allah Ya ba da dukiya mai albarka, Ya sa a kashe ta inda Ya yarda, amin.