Idan Ya Tuba, Dole Ne Ta Koma?

Na san da wuya a rasa littafin Hausa a ƙarƙashin matashin kanki, ko a wayarki, tunda yanzu can karatun ya koma. Mu nan Gyadi-Gyadi da Tarauni, a da littafi ɗaya sai ya zagaye layi kaf kafin ya dawo hannun mai shi, bango duk ya yage. Kin kuma san labarin da ya fi sa mu kuka. Yarinya ta faɗa hannun mugun miji, ga duka, ga zagi, ga horon yunwa. Can duniya ta juya masa baya, ya zo ya durƙusa yana hawaye, ta yafe, ta koma ɗakinta, littafi ya ƙare. Sai mu share hawaye mu ce alhamdu lillahi. To amma tsaya mu tambayi kanmu: don ya tuba, shi ke nan komawa ta zama mata dole?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amaryarsa Delu. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Da gobara ta cinye dukiyarsa a kasuwa, sai aka taru a kan Rabi ta karɓe shi. Ki sake karanta ƙarshen nan a tsanake. Shin nadama ce ta dawo da Alhaji Abdu, ko talauci? Kuma wa ya tsaya ya ji abin da ke cikin zuciyar Rabi?

A ganina, abubuwa uku muke cakuɗawa alhali kowanne da gurbinsa: tubar mai laifi, yafiyar wadda aka zalunta, da komawa zaman aure.

Tuba tsakaninsa da Allah ne, kuma malamai sun gindaya mata sharuɗɗa: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai sake ba, in kuma haƙƙin wani ne ya mayar ko ya nemi afuwa. Hawaye kaɗai ba ya cikin lissafin.

Yafiya kuwa falala ce babba. A Suratus Shura Allah Ya yi wa mai yafewa alƙawarin lada, a nan kuma Ya ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi. Wato kyauta ce, ba a ƙwatar ta. Kuma ko an yafe, tabo ba ya ɓacewa rana ɗaya. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Idan haka ciwon yake ga fiyayyen halitta, ina ga ni da ke? Hausawa ma sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Batun komawa, ki tuna Barira. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, yana bin ta a titunan Madina yana kuka. Annabi (SAW) da kansa ya sa baki. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma ba a tilasta ta ba. Wannan fa ba a ma ce ya cuce ta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar da ta tabbatar da cutarwa a gaban alƙali tana da damar a raba auren.

Kada ki fahimce ni baibai. Akwai mazan da suka tuba da gaske, gidajensu suka gyaru, kuma duk mun san zawarci da yara ba wasa ba ne. Wadda ta ga alamun gyara, aka zaunar da magabatan ɓangare biyu kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara, ta koma da yardar ranta, Allah Ya ba ta lada. Damuwata ita ce wadda aka tura da kalmar "haƙuri" tun kumburin fuskarta bai saɓe ba.

Marubuciya tana iya warkar da jarumarta a shafi biyu, amma a zahiri abin yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru: firgita cikin barci, faɗuwar gaba in an buga ƙofa, ƙin cin abinci. Addu'a da karatun Alƙur'ani magani ne, zuwa asibiti ma ba rashin tawakkali ba ne. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da mu a titin Zariya, da likitocin da ke duba damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. A Asibitin Murtala kuma akwai cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Saboda haka 'yar uwa, ranar da 'yarki ko ƙanwarki ta shigo da mayafi a karkace tana kuka, kada ki yanke mata hukunci da ƙarshen littafin da kika karanta. Ki ba ta ruwa, ki saurare ta, ki duba jikinta, kafin a fara zancen biko. Ku kuma marubutanmu, don Allah ku riƙa nuna mana wahalar da ke tsakanin durƙuson miji da murmushin mata, domin 'yan matanmu daga wurinku suke koyon abin da ake kira so.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya saka wa duk wadda aka zalunta. Wassalam.