Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Wanda ya san ƙasar Dakoro ya san jan ruwa ba aikin rago ba ne. A Korahane da ƙauyukan da ke kewaye da ita ruwa yana can ƙasa da nisa. Sai an ɗaura igiya ga jaki ko sa ko raƙumi, yaro ya kora dabbar ta yi tafiya mai tsawo kafin guga ya leƙo bakin rijiya. Mai tarbar guga kuwa yana tsaye cikin rana, garke na jiransa a bakin kwami. In ya fito gida bai sha komai ba, tun hantsi ƙarfinsa zai ƙare. Shi ya sa Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Arziki komai yawansa ba ya hawowa da kansa, sai da ɗan abin da mutum ya riga ya tanada a jikinsa.

A zamaninmu an haƙa mana sabuwar rijiya, wato wayar salula. Cikinta akwai farashin gero da wake a kasuwar Maradi, akwai darasin lissafi, akwai wa'azi, akwai muryar ɗan'uwa da ya tafi cirani Kano ko Agadas. Amma dubi mutum biyu masu riƙe da waya iri ɗaya. Ɗaya ya ja abin da zai amfani gidansa, ɗaya ya ja jita-jita da asarar kuɗi. Bambancin yana ga abin da kowa ya zo da shi.

Tanadi na farko shi ne sanin yadda ake tattalin wayar kanta. A ƙauyen da babu wutar lantarki, caji kuɗi ne. Ranar kasuwa za ka ga mai caji ya shimfiɗa faifan hasken rana, wayoyi jere a kan tebur, kowace an manna mata lamba don kada a yi musaya. Wanda ke son cajinsa ya kwana biyu sai ya rage hasken allo, ya kashe intanet in ba ya amfani da shi. In ya shiga daji inda babu rezo, gara ya kashe wayar, domin neman layin da take yi ba hutawa shi ke shanye batir. Kada a bar ta cikin rana ko kusa da murhu, zafi na tsufar da batir da wuri. A WhatsApp a hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Lambobin da suka zama dole a rubuta su a takarda, don waya na iya faɗawa ruwa. Lambar sirri ta asusun kuɗi kuwa ba a faɗa wa kowa, musamman baƙon da ya kira yana cewa ka ci kyauta.

Tanadi na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne karatu. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa saƙo, da sirrinsa da kuɗinsa duka a hannun wani. A nan nake ganin girman aikin malamin makarantar ƙauye, wanda ke tsaye a ajin zana da alli guntu, yara sun cika tabarma. Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, kuma yaron da ya iya karanta harshen da ya sha a nono ya sami ruwan ciki na gaske. Shi ma malamin karin maganar ta hau kansa. In ya daina karatu ranar da ya karɓi takardar shaida, abin da zai ba yara zai ƙafe. In ya je Dakoro inda layi ke da ƙarfi, ya sauke darussa da littattafai a wayarsa, ya zo ya nazarce su da dare kafin ya tsaya gaban allo.

Haka abin yake ga masu aikin hannu. Yarinya na iya ganin zanen ƙwarya ɗari a waya, saurayi ya ga salon ɗinkin hula iri-iri. Amma sai wanda ya zauna gaban gwani, wuƙa ta yanke shi, allura ta soke shi, zai iya mayar da hoto ya zama kaya.

Mu masu bin Almasihu, da muke ƴan kaɗan a tsakanin maƙwabtanmu Musulmi, mun gaji wannan darasi daga iyayenmu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma masu bi na farko a Tsibiri da Maradi sai da suka koyi baƙaƙe kafin su iya buɗe shi da kansu. Yau ana sauke shi a waya, har da na sauraro ga wanda ido ya gaza. Wannan alheri ne babba. Sai dai Littafi a aljihu bai zama Littafi a zuciya ba. A Bisharar Yohanna sura ta 4, Yesu ya zauna a bakin rijiyar Yakubu a gajiye, ya roƙi wata Basamariya ruwan sha, sannan ya yi mata albishir da ruwan da ke zama maɓuɓɓuga a cikin mutum. Sai da ta sha wannan kafin ta koma gari ta kira jama'a. Fasto ko malamin Lahadi ko uwar zumunta da ba su keɓe lokacin addu'a ba, da me za su shayar da wasu?

Don haka, iyaye, kafin ku saya wa yaro waya ku tabbata ya iya karatu, ya san gaskiya da ƙarya, ya san tsoron Allah. Malamai, ku ci gaba da neman sani don ku sami abin bayarwa.